Taɓo a Bakin Fangali: Tausar Ƙafa ga Mai Jegon Tiyata

Duk wanda ya taɓa sauka fadamar Gashuwa da rani, bayan kogin Yobe ya ja baya, ya ga yadda mai lambu ke ban-ruwa. Inji na ruri a bakin kogi, ruwa na fitowa ta tiyo ya bi babbar magudana, a gefenta kuma ga fangali-fangali a jere, na albasa, na tattasai, na attarugu. Mai lambu ba ya zama. Yana tafe ƙafa ba takalmi, wando a naɗe, fartanya a hannu. In fangali ya ƙoshi sai ya yanko dunƙulen taɓo ya toshe bakinsa, ya buɗe na gaba. Ruwan kogi bai ragu ba, inji bai mutu ba, amma shukar da ke cikin wannan fangali ta tsira daga nutsewa. Ɗan taɓon nan da bai fi cikin tafin hannu biyu ba, shi ke raba albasar da za ta yi kai da wadda za ta ruɓe.

Da wannan aiki nake so mu auna wani taimako mai sauƙi da za mu iya yi wa matar da aka yi wa tiyata aka ciro mata jariri, wato tausar ƙafa.

Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da babban asibitin Gashuwa su ne matattarar matan da haihuwa ta zo musu da gardama a wannan yanki. Daga Machina ake kawo su, daga Karasuwa, daga Yusufari da Jakusko, wasu bayan sun kwana biyu suna naƙuda a gida. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa haihuwa kusan 3 cikin 100 ce kawai ake yi ta hanyar tiyata a Najeriya, a Arewa maso Gabas ma adadin bai kai haka ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 adadin ya kai 21 cikin 100 a duniya baki ɗaya. Abin da ƙarancinmu ke nunawa shi ne, mata da yawa masu buƙatar aikin ba sa samunsa, ko kuma suna isowa a makare. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi wannan tiyata kyauta. In Allah Ya sa shirin ya game ƙauyukanmu, matan da za su dawo gida da ɗinki a mara za su ƙaru, kuma abin godiya ne, domin kowace daga cikinsu rai ce da aka ceto. Sai dai fa akwai tambaya a gabanmu: shin gidajenmu sun iya jinyar irin wannan mai jego?

Iyayenmu mata, Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani, gwanaye ne a kula da mai jego. Tun asuba an hura wuta, an ɗora tukunyar wanka, an karyo ganyen darbejiya, an dama kunun kanwa, an yi farfesu mai yaji. Kwana arba'in ana yi. Amma duk wannan ilimi an gina shi ne a kan matar da ta haihu da kanta, kuma ciki da baya ya nufa: a watsa ruwan zafi, a gasa, a danna, a ɗaure. Ranar da aka sallamo mai jegon tiyata, malamar asibiti ta ce kada a watsa wa ɗinki ruwan zafi, kada a danna mata ciki, kada ta ɗauki abu mai nauyi. Gaskiya ta faɗa. Ko ga wadda ta haihu da kanta ma akwai wurin yin hattara, domin tun a shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka alaƙanta yawan ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai zafi. To amma a nan sai tsohuwa ta tsaya cirko-cirko. An hana ta abin da ta sani, ba a koya mata wani ba. Wata ta yi fushi ta ja gefe, wata kuma ta jira sai ido ya ɗauke ta yi abin da aka hana. Mai jego ce ke cutuwa ta kowace fuska.

Ita kuwa me take ji? An yanka fata, an ratsa kitse da tantanin ciki, an buɗa tsoka, an yanka mahaifa, sannan an ɗinke. Allurar da aka yi mata a gadon baya ta kashe rabin jikinta na 'yan sa'o'i, daga nan sai ta fara saki. Tari azaba ne, atishawa azaba ce, juyawa a gado sai an yi shiri. In ta sa jariri a nono, mahaifa ta tsuke, wani ciwon ya taso a kan na farko. Ga robar fitsari, ga ƙarin ruwa a hannu. A zuci kuma ga zullumi: ɗinkin zai riƙe kuwa? Nono zai zo? Nawa aka kashe? Zan sake haihuwa? Me dangin miji ke cewa? Domin har yau akwai masu ɗaukar wadda aka yi wa aiki a matsayin raguwar da ta kasa. Kuma an tashe ta a kan kunya da dauriya, musamman in haihuwar fari ce. Uwarta za ta ce, "Sannu 'yar nan, ina ne ke miki ciwo?" Ita kuma ta ce, "Da sauƙi, Inna," alhali gumi na tsattsafo mata a goshi.

Mu koma lambu. A ɗauki ciwo a matsayin ruwan da inji ke turowa. Mikin tiyata shi ne injin, jijiyoyi su ne magudana, ƙwaƙwalwa ita ce fangalin da ruwan ke malalowa ciki. Mutane sun daɗe suna zaton magudanar nan a buɗe take fayau, duk abin da miki ya aiko sai ya isa. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin da ya sauya fahimtar likitoci. Suka ce a cikin lakar gadon baya akwai wata 'yar ƙofa da saƙon ciwo ke bi kafin ya hau zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ana iya tsuke ta. Jijiyoyin da ke ɗauke da saƙon shafa da dannawa masu kauri ne, saƙonsu na gudun mita 30 zuwa 70 a sakan ɗaya. Waɗanda ke ɗauke da raɗaɗin nan mai nuƙurƙusa sirara ne, gudunsu bai wuce mita 2 a sakan ba. In saƙon shafa ya yawaita, sai ya rage hanyar da saƙon ciwo zai bi. Shi ya sa in yaro ya buge gwiwa, kafin kowa ya ce masa komai ya kai hannu yana mulmulawa. Masanan sun ƙara da cewa ita ma ƙwaƙwalwa tana aiko da umarni daga sama: hankali a kwance yana tsuke ƙofar, tsoro da fargaba suna wangale ta.

Wannan na biyun shi ne ya fi shafar mai jegonmu. Ƙafa tana nesa da miki, saboda haka babban aikin tausarta ta sama yake biyowa. Hannu mai ɗumi yana tafiya a hankali a tafin ƙafa, wurin da jijiyoyin ji suka yi yawa, sai hankalinta ya bar mara ya koma can. Numfashi ya daidaita, kafaɗu su saki, tsokar cikin da ta ɗaure don tsoro ta sassauta. Tausa ita ce dunƙulen taɓon da aka sa a bakin fangali. Inji na nan yana aiki, amma abin da ke shigowa ya ragu har mutum ya iya ɗauka. Kwanciyar hankalin nan tana da wata riba, domin fargaba na iya riƙe zubowar nono, natsuwa kuma tana taimaka masa ya sauko.

An gwada wannan a asibitoci. A Turkiyya a 2010, a Iran a 2014 da 2016, da ƙasar Sin a 2016, masu bincike sun raba matan da aka yi wa tiyatar haihuwa gida-gida. Duka an ba su maganin ciwo yadda aka saba, amma wasu an ƙara musu da tausar ƙafa, ko ta ƙafa da hannu, galibi ta kimanin minti 20. Waɗanda aka yi wa tausa sun bayyana cewa ciwonsu ya ragu, a wasu binciken ma har da fargabarsu. A 2020 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken lafiya, ta duba nazarce-nazarce sama da 30 kan hanyoyin da ake haɗawa da magani don rage ciwon bayan wannan tiyata, ta ce hujjar tausa ba ta yi ƙarfi ba tukuna, domin matan da aka gwada ba su da yawa, tsarin gwajin kuma yana da rauni. Wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Haka nan masu cewa a tafin ƙafa akwai taswirar jiki, wai nan ne mahaifa, can ne hanta, bincike bai tabbatar da maganarsu ba. Abin da za mu iya tsayawa a kai shi ne: tausa mai laushi tana kawo sassauci na ɗan lokaci ga mata da yawa, ba ta cin kuɗi, kuma in an kiyaye ƙa'idarta haɗarinta kaɗan ne.

Mai lambu ya san iyakar taɓonsa. In inji ya yi ƙarfi fiye da kima, taɓo ba zai tare ruwa ba, sai an je an rage ƙarfin injin. Wannan shi ne aikin maganin likita. Kada wani ya ce an yi mata tausa, a bar allura ko ƙwaya. A ba ta maganinta a kan lokaci, tausa ta biyo baya. Mai lambu ya kuma san taɓo yana jiƙewa ya zube, dole ya dawo ya ƙara. Haka sassaucin tausa yake, ba ya wuni, sai an maimaita. Amma ko wannan ɗan sassauci yana da daraja a wurinmu ta wata fuskar. Mutanen Gashuwa da kewaye sun san zafin ciwon ƙoda, gidaje da yawa ya taɓa su. Matar da ciwo ya hana barci ita ce ke aika yaro kemis ya sayo mata ƙwayoyin kashe zafi irin su Diclofenac da Ibuprofen, ta sha biyu-biyu a kan wanda aka rubuta mata. Yawan shan irin waɗannan ba bisa ƙa'ida ba yana wahalar da ƙoda. Duk abin da zai taimaka mata ta tsaya a kan adadin da likita ya rubuta, alheri ne.

Yadda ake yi ba shi da wuya, kuma hannun matanmu bai baƙunci ƙafa ba. Wadda ta iya zama ta yi wa amarya ƙunshi, ta bi gefen ƙafa da lalle ba tare da ta kauce ba, ta riga ta mallaki natsuwar da ake buƙata. Da farko a tambayi malamar asibiti: "Sista, ko za mu iya matsa mata ƙafa?" A jira sai allurar baya ta saki, ƙafafunta sun dawo tana jinsu sosai. A tambayi ita mai jegon, in ba ta so a bari. Mai tausa ta yanke farce, ta cire zobe, ta wanke hannu da sabulu, ta murza tafukanta su yi ɗumi. Man kaɗanya ko man gyaɗa ko man zaitun kaɗan ya isa. A guji man zafi, domin hannun nan shi ne zai ɗauki jariri. Mai jego ta kwanta rigingine, a sa mata matashi a ƙarƙashin ƙafafu. A tallafi dunduniya da hannu ɗaya, ɗayan kuma ya shafa daga yatsu zuwa idon sawu, a hankali, sau da yawa. Sannan a sa babban yatsa a bi tafin ƙafa ana zagayawa, daga dunduniya zuwa gindin yatsu. A kama yatsun ɗaya bayan ɗaya a murza su da laushi. A juya idon sawu sannu-sannu, dama da hagu. Minti 5 zuwa 10 a kowace ƙafa ya wadatar. In tana so a yi mata a tafin hannu ma, amma a kauce wa inda aka sa allurar ƙarin ruwa. A riƙa duban fuskarta, in ta yamutsa a sassauta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ta sha magani, kafin ta shayar ko kafin a tashe ta tattaki, da kuma da dare in barci ya ƙi zuwa. Kafin ta sauko daga gado a goge man tas, kada santsi ya kwashe ta. In akwai miki ko ƙuraje a ƙafar, ko tana da ciwon suga da ya rage mata jin ƙafa, a bari sai likita ya duba.

Akwai iyaka guda da ba a tsallakewa: tausa ta tsaya a idon sawu, kada ta hau sha-raɓa ko cinya. Mutumin fadama zai gane dalili da sauri, domin ya san illar ruwan da ya daina gudu. Tun bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar kogin Haɗeja ya sauya, ciyawar kacala ta samu wurin zama a magudanar Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru, ta cushe hanyoyi, masunta da manoma suka sha wahala. Inda ruwa ya lafa, nan abu ke taruwa ya toshe. Jinin mai jego yana da saurin daskarewa, hikima ce ta Ubangiji don kada ta zubar da jini da yawa, amma in ta daɗe a kwance yana iya yin guda a jijiyar ƙafa. Haɗarin ya fi yawa a makonni 6 na farko, wato kusan daidai da kwanakin arba'in, kuma ga wadda aka yi wa tiyata ya ninka na wadda ta haihu da kanta kusan sau 4. In aka matsa sha-raɓar da ke da gudan jini, yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe hanyar huhu, kuma wannan yana kisa. Saboda haka in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumburi, ko ta yi zafi, ko tana ciwo in an taɓa, a ɗauke hannu, a kira ma'aikacin lafiya. In numfashi ya yi mata wuya ko ƙirji ya soke ta, a nufi asibiti a take, ko tsakar dare ne. Rigakafin wannan kuwa shi ne motsi: ta riƙa motsa ƙafafunta da kanta tun tana gado, ta tashi tattaki da zarar an ba ta izini, galibi tun a rana ta farko. A nan ma tausa tana da amfani, domin wadda ciwonta ya lafa ita ce ke yarda ta miƙe.

Wani alherin da ba a aunawa da ma'auni shi ne shi kansa zaman da ake yi kusa da ita. 'Yan barka suna shigowa ɗaki ya cika, kowa ya karɓi jariri, a yi addu'a Allah Ya raya, a tambayi ranar suna. Ita uwar sannu ɗaya ce rabonta. Amma wadda ta zauna a ƙarshen gado minti 20 tana riƙe da ƙafarta, ita ce za ta ji zazzaɓi a fatarta kafin a kawo ma'auni. Ita za ta lura fuska ta kumbura. A gabanta ne kunya za ta saki, mai jego ta ce, "Gwaggo, kaina ke sara, kuma ina ganin duhu-duhu," wanda yana iya zama gargaɗin jijjiga ko bayan haihuwa. A gabanta za ta faɗi cewa ɗinki na ruwa ko yana wari, ko jini ya ƙaru, ko ciwon kullum gaba yake yi maimakon baya, ko kuma baƙin ciki ya danne ta fiye da mako biyu har ba ta son ɗaukar jaririn. Duk waɗannan na asibiti ne, tausa ba ta maganinsu, amma ita ke buɗe bakin da zai faɗe su. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ina ƙarawa da cewa maigida ma yana da kaso. Ya sa hannu a takardar tiyata, ya nemo jini, ya biya magani, Allah Ya saka masa. In ta dawo ɗakinta, dare ya yi, masu jinya sun kwanta, babu abin da zai rage masa girma don ya zauna ya matsa wa uwar 'ya'yansa ƙafa.

Roƙona yana ga ma'aikatan lafiyarmu. Nas ɗaya da ke kula da ɗaki cike da marasa lafiya ba ta da minti 20 ga kowace mace, amma kusan kowane gado a asibitocinmu yana da mai jinya a gefensa, uwa ko yaya ko gwaggo, zaune a tabarma tana jiran a ce ta yi wani abu. Minti kaɗan ya isa a nuna mata yadda ake yi, a nuna mata inda ake tsayawa, a lissafa mata alamun haɗari. A faɗi wannan tun ranar awo, a maimaita ranar sallama, domin a duk lokacin da aka ce wa tsohuwa "kada ki yi kaza", a haɗa mata da "ga abin da za ki yi". Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Galtima Mai Kyari da ke Nguru da Kwalejin Jinya ta Shehu Sule da ke Damaturu za su iya koya wa ɗalibansu, sannan likitocinmu su auna sakamakon a kan gadajen asibitocinmu, da matanmu, su gaya mana gaskiyar abin da suka gani. Mu kuma a gida mu daina kiran matar da aka yi wa aiki raguwa. An yanka ta ne don ɗanmu ya rayu, kuma haƙƙinta ne a ba ta maganinta a kan lokaci, a tashe ta ta taka, a zauna kusa da ita a matsa mata ƙafa har ta gama arba'in.